Jiƙon Inna da Cikin Yaya Lawali

Da sunan wanda ya saukar da cuta bai kuma manta da maganinta ba. Sunana Dije, haifaffiyar Matameye. Nan nake aure, nan nake matsar man gyaɗa ina toya ƙuli-ƙuli. Na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa biro bai fi ƙarfina ba. Wata huɗu na yi ina jinyar yayana Lawali, kuma abin da idona ya gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Duk wanda yake da mai ciwon ciki a gida, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe.

Yaya Lawali fataucin rake yake yi. Ya saro a lambunan Dungu, ya loda wa mota zuwa Damagaram, ragowar ya kasa a kasuwarmu. Ƙato ne, wallahi. Damin raken da mutum biyu ke nishi a kansa, shi kaɗai yake cilla shi saman mota yana yi musu dariya. Matarsa Rabi ta rasu shekara uku kafin wannan, bayan doguwar jinyar tari, ba su bar ɗa ba. Tun daga nan ya dawo ɗakin zaure na gidanmu, kusa da Inna, bai sake aure ba.

Na ce kusa da Inna, amma kusan na katanga ne kawai. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa ƴar garin Tsauni ce, irin mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mai rake" take cewa, ko "wancan", ranar da ta tashi da fara'a ta ce "yayanki". In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. In tana so ya ci wani abu, ni za ta aika. Muna tsokanarta muna cewa, Inna kunyar nan taki ta yi yawa, sai ta ce mu ne aka haifa babu ita.

Ciwon ya fara ana cikin cirar gyaɗa. Zawo ne kawai, irin wanda kowa ke yi. Na tambaye shi, ya ce, "Wake na ci a tasha, Dije, bar ni da hukuncina." Ya sayi ƙwayoyi wajen masu talla, abin ya tsaya kwana biyu ya dawo. Mako na biyu haka, na uku haka. A mako na huɗu ya daina zuwa Damagaram, don ba ya iya zaman mota sai ya roƙi direba ya tsaya sau biyu sau uku, fasinja suna tsaki. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, sai ga shi a tabarma a ƙofar zaure, buta a gefensa.

Dangi kuwa ka san halinsu, kowa ya zama likita. Kawu Habu ya ce sammu ne, abokan fatauci ne suka ga yana gaba. Gwaggo ta ce shawara ce, a hana shi mai. Wata maƙwabciya ta ce ya taka wani abu a lambu. Inna ta bari kowa ya gama ya tafi, sannan ta kira ni ɗaki.

"Basir ne," ta ce, "na ciki, wanda ya daɗe ya yi gida. Irin wannan ba a tsayar da shi, korarsa ake yi. Ciki in ba a wanke shi ba, ba ya zama."

Jiƙon na uwarta ne, daga Tsauni ta zo da shi a kai: ganyen filasko, sassaƙen maɗaci, da kanwa ungurnu. Ta haɗa da hannunta a wata ƙaramar tukunyar ƙasa. Ni na tace, ni na ɗauka, ni na kai, ni kuma na tsaya a kansa har ya shanye yana yamutsa fuska. Kada wani ya ce laifin tsohuwa ne ita kaɗai. Da hannuna a ciki dumu-dumu.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne murnar da muka riƙa yi. Ran farko ya zaga sau shida. Ran na biyu sau tara. Kullum da la'asar Inna za ta tambaye ni, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba: "Wancan sau nawa yau?" In na ce tara, sai ta ce, "Alhamdulillahi, yana fita. Dattin shekara da shekaru ne." Ni ma in ce alhamdulillahi. In wani ya zo dubiya ya ce Lawali ya rame, mu ce ai magani ne ke aiki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da aka shiga wata na biyu, wandonsa sai ya ninka mazagi sau biyu kafin ya tsaya. Wani farin abu kamar tsamin nono ya kwanta masa a harshe, ko kunu ya sha sai ya ce yaji. Zazzaɓi kullum da yamma. Rannan ya fito daga sallar la'asar, ya sunkuya zai sa takalmi, sai kawai ya kife a ƙofar masallaci. Mijina Ma'azu ne ya ɗora shi a babur ɗin kabu-kabu, ya zauna a bayansa ya riƙe shi, suka yi asibiti, ni ina biye da su da ƙafa ina salati.

Daren nan ƙarin ruwa aka yi masa, leda uku. Washegari muka shiga layin ganin likita tun hantsi bai yi ba, ba mu samu shiga ba sai da aka yi azahar. Benci ɗaya ne a inuwa, marasa lafiya sun fi talatin a idona, Yaya yana kwance a zanena a ƙasa, duk bayan ɗan lokaci in kama shi mu nufi makewayi, mu dawo mu tarar an wuce mu. Karne, wato katin asibiti, kuɗi; analiz, wato awo, kuɗi; ordonas, takardar maganin da za a kai farmasi, kuɗi. Buhun gyaɗar da na ajiye don jarin rani, a makon nan ya tafi. Na yi mita, ba zan ɓoye ba, har na yi wa mai kiran suna rashin kunya, shi kuwa bawan Allah bai tanka mini ba.

Likitar mace ce, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba bakinsa, ta ja fatar hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare.

"Tun yaushe yake zawon?"

"Wata biyu," na ce.

"Me kuke ba shi a gida?"

Ni kuwa da gadara na lissafa mata, filasko, maɗaci, ungurnu, ina jiran ta ce madalla. Sai ta cire tabarau ta ajiye a tebur, ta dube ni har na tsargu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ɗan ba su wuri, za ta nemi izininsa a yi wani awon jini. Na fita na zauna. Da aka daɗe, sai ta leƙo ta ce shi ya ce in shigo.

Na tarar da shi yana kallon ƙasa. Shi ya faɗa da bakinsa: "Sida ce, Dije."

Sida, ƙanjamau ke nan. Abin da ya fara fitowa daga bakina wauta ce, na ce, "To ina ruwan sida da ciki? Ba ciwon jini ba ne?" Amsar da likitar ta ba ni har gobe tana kunnena, don haka zan rubuta ta yadda na riƙe.

Ta ce jikin mutum yana da masu gadi, kuma mafi yawansu ba a cikin jini suke zaune ba, a bangon hanji suke, don ta nan ne duk abin da muka ci muka sha yake wucewa, mai kyau da marar kyau. Ƙwayar cutar nan in ta shiga jiki, can take fara sauka. A makonnin farko, mutum yana ɗaukar damin rakensa yana dariya, ita tana can tana karkashe masu gadin hanji, babu wanda ya sani. Shekaru suna tafiya bangon yana lalacewa kamar dangar da gara ta ci, a ido tana tsaye, amma ko akuya ta jingina sai ta shige. Daga nan abinci ba ya zama a jiki, ƙazantar da ya kamata ta wuce waje tana tsallakawa cikin jini, ƙananan cututtukan da ni da ita za mu sha a ruwa mu kwana lafiya, shi sai su kwantar da shi.

"Abin da kuke gani yana fita ba ciwon ba ne," ta ce. "Ruwan jikinsa ne da abincinsa. Shi ne yake fita."

Na tuna alhamdulillahin da muke yi da la'asar, na sa mayafi na rufe fuskata.

Ta ce akwai magani, kuma kyauta ne, ƙwaya ɗaya kullum, da wata ta kare shi daga ƙananan cututtuka. Mutane da yawa sun tashi sun koma sana'arsu. Amma ta ja mana kunne: jini zai riga ciki gyaruwa. "Hanji shi ne farkon faɗuwa, shi ne kuma ƙarshen tashi. Zawon zai iya ɗaukar makonni. Kada ku ce magani bai yi ba. Ruwa a tafasa, a ba shi na gishiri da sukari duk sanda ya zaga. Jiƙon nan kuwa, ko cokali ɗaya."

Da muka fito, a gindin bishiyar bedin asibitin, ya kama bakin zanena.

"Dije, don girman Allah, kada Inna ta ji."

"Haba Yaya, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ita ke haɗa jiƙon fa."

"Shekara arba'in ba ta kalli idona ba saboda kunya mai kyau," ya ce. "So kike ta kasa kallona saboda kunyar banza? Ki rantse."

Na rantse. Namiji kamar Yaya yana hawaye a gabanka, me za ka ce? Ko Ma'azu ban faɗa wa ba. Muka koma gida muka ce ciwon hanji ne.

Makonni ukun da suka biyo baya su ne masu daɗin jinyar duka. Zazzaɓi ya tafi. Farin bakin nan ya washe. Ya fara shan kunun shinkafa, har rannan ya ce in yi masa fate-fate, ya kuma ce gishirina ya yi kaɗan, na ce to lallai ka samu sauƙi tunda tsiya ta dawo. Ƙwayoyin a cikin tsohuwar jakar fataucinsa yake ɓoye su. Sai dai zawon bai tsaya ba. Ya ragu, ya koma sau uku sau huɗu, amma yana nan.

Wannan ragin da ya faranta mini rai, shi ya tayar wa Inna da hankali. Ta ce maganin likita ya danne ciwon a ciki, zai ruɓe masa a can. Ta sake ɗora tukunyarta. Ni kuwa na samo dabara: in karɓi ƙwaryar, in shiga zaure, in zuba a wani tsohon galan, in dawo mata da ƙwarya wayam in ce ya sha. Mun fi wata ɗaya a haka, ina ganin kaina mai wayo.

To amma ni matar aure ce, ina da gida, ina da sana'ar da ta tsaya cik. Da na ga ya fara takawa har bakin titi, sai na koma zuwa da yamma kawai. Ban yi mako guda da haka ba na ga ya sake zubewa. Ido ya faɗa, murya ta dishe, buta ta dawo gefen tabarma. Na duba jaka, ƙwayoyi yana sha daidai. Sai da na ɗaga tabarmar zan kakkaɓe na ga ƙwaryar Inna a kife a lungu, da kore-koren filasko a bakinta.

"Yaya! Sha kake yi?"

Ya kawar da kai.

"Kai da ka ji da kunnenka abin da likita ta ce? Kashe kanka za ka yi?"

"Ita ta kawo," ya ce a hankali. "Da ƙafarta ta tako har ƙofar nan, Dije. Ta ajiye, ta juya baya ta ce, a ce wa mai ɗakin nan ya sha. Ta tsaya a bayan asabari har na shanye. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa miƙo mini ko ruwa da hannunta ba. In mayar mata?"

Kwana biyar ke nan kullum da hantsi tana zuwa. Wallahi na so in mare shi, na kuma so in rungume shi, na rasa wanne zan yi, sai na ɗauki ƙwaryar na yi cikin gida fuu.

Inna tana tsinkar zogale. Na ce, "Inna, likita ta hana jiƙon nan. Ta ce ko cokali ɗaya."

"Likita ta san basir?"

"Ba basir ba ne!"

Sai ta ajiye zogalen, ta dube ni sosai. "To mene ne? Faɗa mini sunan ciwon."

Nan ne wurin. Duk wanda ya karanta wannan, nan nake so ya tsaya. Kalmar tana kan harshena, babu kowa a gidan sai ni da ita da kaji. Na tuna rantsuwa, na tuna hawayensa a gindin bedi, na haɗiye. Na ce, "Ciwon hanji ne."

"To ai hanjin nake wankewa," ta ce, ta ci gaba da tsinkarta.

Na ɗauke tukunyar na tafi da ita gidana, ina ganin na yi maganin abin. Ashe bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari Yaya ya kasa tashi zaune. Fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya. Muka koma asibiti, aka yi ta neman jijiyar da za a sa ruwa, hannu, ƙafa, da ƙyar aka samu. Likitar nan ta dube ni ta ce, "An sake ba shi, ko?" Na gyaɗa kai. Ta dafa kafaɗata. Bayan kwana biyu ta ce ƙodarsa ta taɓu, sai babban asibitin Damagaram.

Kwana tara muka yi a can. Ma'azu ya sayar da tunkiyarsa, Kawu Habu mai maganar sammu shi ya fara kawo gudummawa, Allah ya saka masa. Ba zan manta da wata baiwar Allah ƴar Magarya ba, mai jinyar mijinta a gadon kusa da namu, wadda ta raba tabarmarta da ni, kullum kuma sai ta tilasta mini na ci tuwo. Ma'aikatan wasu da sauƙin kai, wasu sai ka kira sau uku, amma wanda ya riƙa juya Yaya yana goge masa jiki ba tare da ƙyama ba, ina yi masa addu'a har yau ko sunansa ban sani ba. Inna ba ta zo ba, ba a kuma sa ran ta zo. Kullum sai ta sa an kira ni a waya, ta ce, "Yaya mai jikin?" in ce da sauƙi.

Ran Talata bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sa jinyar nan ta zama kaffara.

Na tambayi likitan can ko jiƙon ne ya kashe shi. Ya ce ba zai ɗora wa abu ɗaya ba. An zo a makare tun farko, hanjin ya riga ya gaji, amma ɗan ruwan da ya rage masa a jiki, wanda yake riƙe da shi kafin magani ya gama aikinsa, jiƙon ne ya kwashe.

Don haka ga abin da nake roƙo. Zawon da ya wuce mako biyu a jikin babba, yana rama, a je a yi awon jini, ba zagi ba ne. Wanda aka ɗora a kan magani, a yi haƙuri da cikinsa, kada a wanke shi da komai. Sirrin majinyaci amana ne, ban ce a yi shela a kasuwa ba. Amma mai dafa masa abin da zai sha, a zauna da majinyacin a lallashe shi har ya yarda a faɗa mata. Ni ban lallashe shi ba. Rantsuwa ɗaya na yi na kama bakina, don ta fi mini sauƙi.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ran jana'iza. Masu gaisuwa suna cewa basir mugun ciwo ne, tana cewa haka Allah ya so. Sai bayan sadakar arba'in, da rana tsaka, baƙi sun watse, ina wanke kwanoni a tsakar gida, ta zo ta zauna a kan turmi kusa da ni.

"Dije," ta ce, "akwai abin da ke cina. Jiƙon nan na ƙarshe, na rage masa ungurnu. Na ga ya galabaita ne, tausayi ya kama ni. Ko shi ya sa ciwon bai gama fita ba? Da na sa yadda uwata take sawa, ko da yanzu yana nan?"

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Kwana arba'in tsohuwar nan tana kwana tana tashi da cewa tausayinta ne ya kashe ɗanta. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata duka: sunan ciwon, masu gadin hanji, ƙwayoyin cikin jaka, galan ɗin da nake zubarwa, rantsuwar gindin bedi. Ban rage komai ba. Ina jira ta yi salati, ko ta tashi ta bar wurin.

Ba ta motsa ba. Can ta ce, "Shi ya ce kada a faɗa mini?"

"Shi ne, Inna."

"Don kada in ji kunyarsa."

"E."

"Ke kuma na tambaye ki da bakina, kika dube ni kika ce ciwon hanji."

Na sunkuyar da kai. Ta dubi tafin hannayenta, ta juya su, ta sake juyawa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Da kin faɗa mini, da na zubar. Ruwa ne fa da itace, Dije. Shi kuwa ni na haife shi."